Muryata a Wayar Wata

Lokacin da aka tura ni wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Safana, can wajen Runka, mu uku ne ma'aikata. Akwai shugabanmu, wanda kowa ke kira Incaji, dattijo mai sanyin murya da ya kusa yin ritaya. Akwai ungozoma, ƙanwa ce a wurina ta shekaru, ba ta daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya ba, ga zafin nama ga kaifin baki. Sai ni, mai awon ciki da rigakafin yara. Gidana yana Batsari, don haka kullum sai na shiga mota zuwa inda kwalta ta ƙare, sannan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Ungozoma kuwa a Safana take zaune, gidan yayanta.

Da damina ta yi nisa, gero ya tashi ya rufe gefen hanya, sai labarin tare mutane ya yawaita. Wata safiya Incaji ya kira mu inuwar bedin da ke ƙofar asibiti ya ce, "Duk ranar da kuka ji hanya ba kyau, ku yi zamanku a gida. Ba na son a kira ni a ce an ɗauke ɗayarku. Ni tunda a garin nake kwana, zan riƙe wurin."

Muka yi masa godiya. Da baki ya faɗa, mu ma da baki muka amsa, ba wanda ya kawo zancen rubutawa.

Ba a daɗe ba, wata rana ɗan kabu-kabun da ke kai ni ya bugo mini waya da sassafe ya ce kada in fito, an ga mutanen daji a hanya. Na kira ungozoma, ita ma haka aka ce mata. Muka zauna gida. A ranar kuma masu duba aiki daga ofishin lafiya suka biyo ta wata hanyar da rakiya, suka tarar da Incaji shi kaɗai. Bayan 'yan kwanaki aka aiko mana da takardar tuhuma, cewa mun bar aiki ba izini, kuma za mu bayyana gaban kwamiti.

Muka same shi a ofishinsa. Ungozoma ta ce, "Yallaɓai, ba ka faɗa musu kai ka ce mu zauna ba?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Ni na ce ku zauna? Na dai tuna na ce ku yi hattara."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya faɗa a natse, har na fara zargin kunnena. A mota ina komawa gida na yi ta juya maganar ƙarƙashin bedi. Ku yi zamanku ya ce, ko ku yi hattara? Mutum ne da ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai da ungozoma ta rantse mini haka ta ji, sannan na koma na yarda da kaina.

Wata safiya kafin mata su fara taruwa, muna shan shayi mu uku a ɗakin awo, sai na ga ungozoma ta yi laushi irin wanda ban san ta da shi ba. Ta zuba wa Incaji shayi, ta tambayi ciwon ƙafarsa, sannan a hankali ta ce, "Baba, tsakaninmu ne nan, ba kowa. Don Allah mene ne ya sa ka juya mana baya?"

Ya kalli kofinsa. Can ya ce, "'Yata, na faɗa. Na san na faɗa. Amma ba ni da ikon ba ku wannan izinin. In na amsa a gabansu, ni za su riƙe, ga ni a bakin ritaya. Ku naku gargaɗi ne kawai, zai wuce."

Tausayinsa ya kama ni. Don in rage nauyin zaman, sai na ɗauko wata hira. Na ba su labarin wata Bafulatana da aka kawo tana naƙuda ranar da ungozoma ta je taro, ni na karɓi haihuwar. Maza ne suka kawo ta a babur daga wata ruga, fuskokinsu naɗe da rawani, suka tsaya a waje har ta sauka lafiya. Na ce, "Ko su waye, oho. Ko mutanen daji ne, ni dai jinjiri na karɓa. Har nono suka aiko mini da shi bayan suna." Muka yi dariya. Incaji ya tambaye ni ta ina nake bi yanzu, na kwatanta masa hanyar da ɗan kabu-kabuna ya sauya, da lokacin da muke wucewa.

Bayan azahar ungozoma ta ja ni ɗakin magani ta tura ƙofa. Ta ciro wayarta daga aljihun farar rigarta ta ce, "Anti, saurari nan."

Muryar Incaji ce ta fito, tar, har da ƙarar cokali a kofi. Na faɗa, na san na faɗa. Wani daɗi ya ratsa ni, don ga shi ashe kunnena lafiya lau yake. Ina shirin in ce mata ta yi dabara, sai na ji wata mata ta fara magana a wayar, da wata murya siririya mai rawa. Sai da ta ambaci nono sannan na gane ni ce.

Na saurari kaina har ƙarshe. Abin da na faɗa ina wasa, a waya babu wasan a cikinsa. Wata ma'aikaciyar lafiya ce kawai take cewa ta yi wa mutanen daji aiki, sun aiko mata da kyauta, ga kuma hanyar da take bi kullum. A wannan yankin, kalmar infoma, wato mai kai wa mutanen daji rahoto, ba a liƙa wa mutum ita ya kwana lafiya. Kuma in maganar ta isa can cikin daji, su ma za su ce na yi surutu a kansu.

Na ce, "Yanke nawa. Bar nasa kawai."

Ta ce, "Ba zai yiwu ba, Anti. Yayana ya ce in aka yanke, za su ce haɗawa aka yi."

"Yayanki? Ya ji?"

"Na tura masa ya ajiye, kada wayata ta faɗi ko a ƙwace."

Na zauna kan kwalin magani. Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba kafin ki kunna?"

Ta ce, "Da na gaya miki, da fuskarki ta tona mu. Kuma don mu biyu na yi. Ke ba a tuhume ki ba ne?"

Gaskiya ta faɗa, don mu biyu ta yi.

Da na isa gida na kwashe komai na gaya wa maigidana. Malamin firamare ne, ba mai saurin firgita ba, amma na ga ya ajiye cokali. Ya ce a kira ƙanensa, wanda lauya ne a Katsina. Ya sa wayar a bayyane muka zauna a tabarma.

Bayan mun gaisa na ce, "Abu guda nake son sani. Ɗaukar muryar mutum a wurin aiki ba da saninsa ba, laifi ne a doka ko ba laifi ba ne?"

Ya ce, "Yaya, ya danganta."

Na ce, "Da me?"

Ya ce tunda ita ma tana cikin hirar, ba daidai take da wanda ya laɓe ko ya dasa na'ura a ɗakin mutane ba, kuma shi bai san wata doka da ta fito fili ta ce wannan laifi ne da za a ɗaure mutum a kai ba. Na fara sakin jiki. Sai ya ce amma tsarin mulki ya kare sirrin mutum, kuma wanda aka ɗauka zai iya cewa an keta masa haƙƙi. Na ce to ke nan ba za a karɓa ba. Ya ce a'a, kotu tana iya karɓar shaida ko da hanyar da aka samo ta ba ta da tsabta, alƙali ne zai auna. Amma kwamitin ofis ba kotu ba ne, su da ƙa'idojinsu, kuma bai san abin da namu ya ce ba.

Maigidana ya ce, "To ita matata fa? Ita ba ta yi wa kowa komai ba, ga muryarta a ciki."

Ya ce, "Nan ne ma ya fi rikici. Ɗauka daban, turawa wani daban. Kuma akwai maganar majinyaciya a ciki, wanda sirri ne. Za a iya tambayar wadda ta tura, za a iya tambayar wadda ta faɗa."

Na ce, "Ni ce mai laifi ke nan?"

Ya ce, "Ban ce ba, Yaya. Tsakanin abokan aiki kika faɗa, kuma ba ki kama suna ba."

"To ita ce?"

"Ita ma ban ce ba."

Muka yi sallama. Na kira shi ne da tambaya ɗaya, na ajiye waya da tambayoyin da ban san adadinsu ba.

Ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyyar matan aure, na tsaya na sami malamarmu. Ban kama sunan kowa ba. Ta ce zaman hira amana ne, abin da mutum ya faɗa yana ganin tsakaninku ne, ba a fita da shi, kuma an hana bin diddigin sirrin mutane. Na gyaɗa kai. Sai ta ce amma wanda aka zalunta yana da damar neman hujjar da zai kare kansa, musamman in ba shi da wata hanya.

Na ce, "Malama, to a nan wa aka zalunta?"

Ta ce in faɗa mata yadda na gani. Na ce shi ya zalunce mu da ya musa maganarsa. Ita ta yaudare shi da shayi da kiran Baba. Ni an ɗauki muryata ban sani ba. Matar ruga kuwa tana can tana shayar da ɗanta, ba ta san labarinta yana cikin waya a Safana ba, kuma da bakina ya shiga. Malama ta ce za ta tambayi malaminta. Da ta dawo mini mako na gaba, ta ce ya ce malamai sun yi saɓani, ya danganta da niyya da kuma girman cutarwar.

Duk wannan lokacin ina zuwa aiki, ina zama ɗaki ɗaya da Incaji. Yakan kawo mana ɗanyar gyaɗa daga gonarsa, ya zuba a faranti ya ce mu taɓa. Ina ci ina jin kamar ni na ɗauki muryarsa. Sau da yawa na buɗe baki in gaya masa, sai in tuna in na faɗa na ci amanar ungozoma, in na yi shiru kuma ina cikin waɗanda suka ɗana masa tarko. Ita kuwa harkarta take yi, tana tsokanar masu ciki kamar kullum.

Ashe ba sai na faɗa ba. Wata rana ungozoma tana ɗakin haihuwa, ya zo ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Hajiya, na ji an ce muryata tana waya."

Ban tambayi ko ya ji haushi ba, abin da ya fara zo mini shi ne wa ya gaya masa. In ya ji, wani ya ji kafin shi. Na ce, "Yallaɓai, a ina ka ji?"

Ya ce, "Wani ne a ofis ya ɗan taɓa mini." Ya shigo ya zauna a bencin masu awo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke an ce ƙanen maigidanki lauya ne. Don Allah, doka ta yarda da wannan?"

Na kalle shi. Na ji bakina yana cewa, "Ya danganta, Yallaɓai."

Ranar kwamiti muka haɗu a ofishin lafiya a Safana. Mutum uku ne a bayan tebur, shugabarsu wata hajiya mai yawan shekaru da ta daɗe a aikin jinya. Aka karanta tuhuma. Ungozoma ta yi bayani, ni ma na yi. Aka juya ga Incaji, ya ce shi dai ya tsufa, ba komai yake riƙewa ba. Sai ungozoma ta ciro waya ta ajiye a kan tebur ta ce tana da maganarsa da bakinsa.

Shugabar ta kalli wayar kamar an ajiye mata abin da ba ta san ta ina ake riƙe shi ba. Ta tambayi na damanta ko ƙa'ida ta yarda a saurara. Ya ce shi bai taɓa ganin inda aka hana ba. Na hagunta ya ce shi kuma bai taɓa ganin inda aka yarda ba, kuma in aka saurara yau, gobe kowane ma'aikaci zai shiga ofishin shugabansa da waya a kunne a aljihu. Na dama ya ce in shugabanni suna tsayawa kan maganarsu, me za su ji tsoro? Suka yi ta ja, mu muna zaune.

Can shugabar ta ce, "Muryar su wa ke ciki?"

Ungozoma ta ce, "Mu uku."

Ta ce, "To a cikinku akwai wanda bai yarda a kunna ba?"

Na zaci Incaji ne zai yi magana. Bai yi ba. Sai na ga hannuna a sama. Ungozoma ta juyo ta kalle ni, kallon da har yau ban manta ba. Shugabar ta ce, "Ke? Ke da abin zai wanke ki?"

Na ce, "E, Hajiya."

"Saboda me?"

In na faɗi dalili, na faɗi abin da nake ɓoyewa. Na ce, "Akwai hirar da ba ta shafi wannan zaman ba."

Na san na rushe mana hujjarmu, kuma ban san ko daidai na yi ba. Sai Incaji ya gyara zama ya ce, "Hajiya, ba sai an kunna ba. Ni na ce su zauna gida duk ranar da hanya ba kyau. Na faɗa, kuma tsoro ne ya sa na musa."

Har yau ban san me ya sa ya faɗa ba. Ko ya ga ba makawa, ko ya tuna abin da na ce a hirar nan ya gane abin da nake gudu, ko kuwa dama abin yana cin sa. Ban taɓa tambayarsa ba.

Aka janye tuhumarmu. Aka yi masa gargaɗi, aka bar shi ya ƙarasa aikinsa. Sannan shugabar ta ce ita ma ungozoma ana yi mata gargaɗi kan ɗaukar murya a ɓoye. Ungozoma ta ce, "Hajiya, da wace ƙa'ida? Yanzu kuka ce ba ku sani ba." Shugabar ta ce za su rubuta sama su tambaya, kafin nan gargaɗin na baki ne. In amsa ta zo, ni dai ban ji ba.

Muka koma aiki, amma shayin safe ya mutu. Incaji ya koma magana kamar mai karanta sanarwa, in zai ba da umarni sai ya maimaita sau biyu yana kallon aljihunmu. Ungozoma ta yi fushi da ni na wani lokaci, ta ce na kunyata ta a gaban mutane. Daga baya ta nuna mini ta goge muryar, ta ce yayanta ma ya goge. Na tambaye ta yadda aka yi wani a ofis ya sani tun kafin zama. Ta ce wallahi ba ta sani ba, ƙila yayan ne ya yi zancen da wani, amma bai ce ya tura wa kowa ba.

Wata rana wani ɗan kabu-kabu da ban saba hawa ba ya ce mini muna tafiya, "Hajiya, ashe ke kika amshi haihuwar matar nan ta ruga?" Na riƙe ƙarfen babur da kyau. Na ce, "Wa ya faɗa maka?" Ya ce, "A gari na ji. Allah shi saka." Ƙauye ne ƙarami, ranar da aka kawo matar mutane sun gani da idonsu, ba sai an ji a waya ba. Amma ta yiwu a wayar aka ji. Na isa asibiti ban tantance ba. A makon ne maigidana ya ce in nemi canjin wurin aiki, na nema, bayan kaka aka mayar da ni ɓangaren Batsari.

Incaji ya yi ritaya lafiya. Na je na yi masa murna, ya sa aka ɗaura mini buhun gyaɗa a babur, ba wanda ya ɗauko tsohon zance.

Ungozoma kuwa sai da na aurar da 'yata ta fari muka sake zama sosai. Ta zo tun safe, ta ɗaura zani ta shiga cikin masu tuƙa tuwo. Da la'asar da mutane suka ragu, muka zauna a ɗakina tana tausa ƙafarta. Ta ce, "Anti, kin yafe mini?"

Na ce, "Ban san ko akwai abin yafewa ba."

Ta ce, "Da ban ɗauka ba, da bai taɓa amsawa ba."

Na ce, "Haka ne. Da kuma an kunna, ban san inda nake yau ba."

Ta ce, "Haka ne." Sannan ta ce yanzu ita ce ke riƙe da wani asibitin can wajen Tsaskiya, da yara biyu a ƙarƙashinta, kuma wani lokaci in tana yi musu faɗa sai ta ji muryarta ta sauya da kanta. Ta tambaye ni ko in ta hana su shiga ofishinta da waya, tana da iko. Na ce ban sani ba, sai dai in ba ta lambar ƙanen maigidana. Ta karɓa. Aka kira ni daga tsakar gida cewa dangin ango sun iso, na tashi na fita, ta biyo ni da tiren ruwa.